Ragowar Hasken da Ta Sauka Gidan Hajiya Gambo

Ranar da Malama ta ce kowa ya faɗi sana'ar babansa, na miƙe na ce nawa yana haɗa gini da gini da haske, saƙo ya riƙa bi ta cikin hasken ba tare da an ja waya ba. Sai Zulai da ke zaune bayana ta ce, "Wato dai tocila yake haska wa mutane a biya shi?" Aka yi ta dariya har Malama ta buga tebur. Na koma na zauna. Ni ba na iya mayar da magana a cikin mutane, sai na koma gida amsar take zo mini. To ga amsar nan na rubuta, Zulai da masu taya ta dariya su karanta.

Sunan babana Malam Isyaku. A Gumel an fi saninsa da Isyaku Mai Eriya, ko da yake rabonsa da ɗaura eriya tun ban shiga firamare ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba, Uwani yake ce mini.

Aikin nasa akwati biyu ne, kowanne bai wuce girman ƙaramar jarka ba. Ana kafa ɗaya a saman wannan gini, ɗaya a saman wancan, su fuskanci juna. Kowane akwati yana da gilashi biyu a gaba. Baba yana kiran ɗaya baki, ɗaya ido. Bakin wannan yana aika haske zuwa idon wancan, hasken yana ƙiftawa da saurin da ba ya misaltuwa, kuma a cikin ƙiftawar nan saƙo yake. Idon mutum ba ya ganin irin wannan haske. Masu ofis da sito suna son sa ne don ba sai an haƙa titi an binne waya ba, kuma don sirri. Baba ya ce saƙon rediyo kamar kiran sallah yake, duk mai kunne a unguwa zai ji, shi kuwa na haske raɗa ce daga baki zuwa kunne.

Ba da haske ya fara ba. A shagon wani mai gyaran rediyo da ke bakin tashar Gumel ya yi koyo, wani tsoho da ake kira Malam Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Baba ya ce shekararsa ta farko gaba ɗaya bai buɗe bayan rediyo ko ɗaya ba. Gwangwanin kifi aka ba shi cike da ƙananan kusoshi, ya ware su bisa girma. In ya gama, tsohon ya juye su wuri ɗaya ya ce ya sake. Sai da hannunsa ya daina gaggawa aka bar shi ya riƙe ƙarfen narka dalma. Daga nan zamanin eriyar talabijin ya zo, ya koma hawa soro da dogon gora, yana juya ta gabas ko arewa, ana yi masa ihu daga cikin ɗaki, "Ya yi! A'a, ya ɓace! Koma baya kaɗan!" Bayan eriya aka shiga zamanin kwandon tauraron ɗan'adam. Da wasu masu kamfani suka kawo akwatunan haske suna neman wanda ba ya tsoron sama kuma hannunsa ba ya rawa, shi aka nuna musu.

Samarin da ke zama a bencin ƙofar gidanmu da yamma suna yawan ce masa, "Malam, ai wannan saiti ne kawai, ka koya mana a kwana biyu." Ni ina daga zaure ina jin abin da yake ce musu.

"Eriya, in ka kuskure da taki guda, hoto zai yi yayyafi amma ana kallo. Kwando, in ka kuskure da faɗin yatsa, ya ɗauke. Wannan kuwa, kana saman ƙarfe, rana tana dukan ƙeyarka, abokin akwatinka yana can nesa kamar ƙuda a bango, in ka yi tari ka rasa shi. Kai Habu da ko zare ba ka iya zurawa a allura, kai ne za ka koya a kwana biyu?"

Jakar kayan aikinsa ta fata ce, wani baduku ya ɗinka masa tun kafin a haife ni. Na san duk abin da ke ciki, don ni nake kakkaɓe ta. Akwai sifana uku, da mita mai nuna ƙarfin hasken da ido ya kama, da ƙaramin madubin hangen nesa wanda gefensa ya lotsa, da ƙyalle mai laushi da aka yanko daga tsohon mayafin Inna, mahaifiyata, don goge gilashi. Akwai wata tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi wadda ba ta kira ba ta amsawa, amma Baba ba zai ba da ita a kan sabuwa ba, saboda kyamararta tana ganin hasken da ido ba ya gani. In ka saita ta wajen bakin akwati, sai ka ga wani ɗan ɗigo mai launin zoɓon da aka tsinka da ruwa. A da kuma akwai wani sukundireba mai jan mariƙi wanda Malam Ɗanjuma ya ba shi ranar da ya yaye shi. Zan zo kan maganarsa.

Wani aiki a Gagarawa Tasha ya ci masa kwana huɗu. Da safe komai lafiya, da yamma lafiya, amma daga hantsi ya yi zafi zuwa azahar sai saƙo ya riƙa yankewa. Mai wurin ya ce akwatin ne jabu. Baba ya sauya waya, ya goge gilashi, ya ƙara ɗaure kusoshi, duk a banza. Rana ta huɗu ya daina taɓa komai, ya zauna kawai yana kallon hanyar da hasken ke bi. Sai ya lura da wani sabon rufin kwano a tsakani, iskar da ke samansa tana rawa kamar kawalwalniyar kan kwalta. Zafin kwanon ne ke karkata hasken. Ya ɗaga akwatunan kamu uku, magana ta ƙare. A Sule Tankarkar kuwa abin dariya ne. Duk lokacin da matan unguwa suka kai niƙa, intanet ɗin wani ofis sai ya ɗauke. Ashe bangon da aka kafa ƙarfen a jikinsa shi ne bangon mai injin niƙa. Baba ya ce da ya gaya wa shugaban ofishin, sai mutumin ya ce, "To yanzu mu da tuwon gari wa zai haƙura?"

Amma duk wannan, in ji Baba, rabin aikin ne. Sauran rabin shi ne kada wanda ba a yi raɗar dominsa ba ya ji. Nan ne samarin benci suke cewa ai haske ba ya satuwa, shi kuwa sai ya gyara zama.

"Hasken nan yana fita siriri kamar tsinke. Amma tafiya tana buɗa shi. Kafin ya ci kilomita ya kai faɗin faifai, ya wuce, ya kai faɗin tabarma. Idon akwati kuwa bai fi murfin tukunya ba. To sauran ina ya tafi? Wanda ya tsaya a tsakiyar hanya ya ɗebi haske, wannan wawa ne, mita za ta faɗi nan take in gane. Wanda nake tsoro shi ne mai tsayawa a baya, yana tarar ragowar da ta wuce ta gefen akwati. Bai rage maka komai ba. Mitarka cike take, kana barci, shi yana karanta wasiƙarka."

Saboda haka Baba yake matse hasken iya matsewa, ba ya kuma ba shi ƙarfin da ya wuce abin da zai kai shi. Sannan a bayan kowane akwati, in dai ba sararin sama ne a bayansa ba, yana kafa faffaɗan kwano da ya shafe da baƙin fenti, ya tare ragowar. Garkuwa yake ce masa. Ba kyau gare shi ba, masu gini ma suna ƙorafi, amma Baba ba ya sauka sai ya kafa.

Ni ma na taɓa yin aiki a wannan sana'a, ina ƙarama. Kowa ya sani a nan namiji ba ya hawa saman gini sai an sanar da maƙwabta, don matan gida su kimtsa ko su shiga ɗaki. Ni ce 'yar aiken. Baba zai ɗauke ni a bayan babur, in muka isa in shiga gida gida in ce, "Salamu alaikum, wai ana sallama, za a hau sama." A ba ni gyaɗa ko ɗanwake, in fito. Shi kuma ko an sanar, in ya hau ba ya juya fuskarsa wajen gidan mutane. Bayansa yake ba su har ya sauko. Haka Malam Ɗanjuma ya koya masa tun zamanin eriya.

Shekarar da na shiga aji shida Baba ya ce na girma, yawon babur ya ƙare. A shekarar ce kuma Yaya Sagir ya zo, ɗan wani amininsa. Wurin zamana a bayan babur ya zama nasa. Jakar da nake riƙewa ta koma kafaɗarsa. Da yamma in sun dawo, Baba ya zana masa hanyar haske a ƙasa da tsinke yana bayani, ni kuwa in kawo ruwan sha a ce in ajiye can kada in taka zanen. Ina ajiyewa, amma ba na tafiya da wuri. Duk abin da aka koya wa Yaya Sagir a tsakar gidanmu na ji shi, har da wanda shi sai da aka maimaita masa sau uku. Ranar da zai tafi Kano karatu, Baba ya zaro sukundireban nan mai jan mariƙi ya ba shi. Ni ce nake goge mariƙin nan da man gyaɗa tun ina 'yar shekara bakwai. Ba wanda ya dube ni.

Yaya Sagir ya dawo bayan shekara biyu da takarda, da kwamfuta, da jaka mai zif huɗu, da hular kwano rawaya. Ya iya wani ɓangare da Baba bai iya ba, wato kulle saƙo da lambobin sirri ta yadda ko an sace shi ba za a iya karantawa ba. Baba ba ya son a ambaci wannan ɓangaren a gabansa. Mutane suka fara cewa Injiniya. Har wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya zo ƙofar gidanmu ya gaida Baba, sannan ya yi irin kiran girmamawar mutanen Nijar da suka aro daga Faransanci, ya ce, "Ina Mushe Injiniya? Shi nake nema." Na lura da wani abu: duk lokacin da aka ce Injiniya a gabansa, Baba sai ya ɗauko ƙyallen mayafin Inna ya hau goge madubin hangensa, ko da yanzu ya gama goge shi.

Mummunar shekararmu daga Maigatari ta zo. Akwai wani mai sayen riɗi, Alhaji Tasi'u, ofishinsa yana cikin gari, sitonsa yana bakin gari ta gabas. Saƙon manyansa na Kano yana fara isa sito, daga nan haske ya kai shi ofis. Baba ne ya kafa wannan haɗin tun ina 'yar aike, kuma a bayan ofishin akwai gidan wata dattijuwa, Hajiya Gambo, wadda na sha shiga in yi sanarwa. A tsakanin sito da ofis akwai darbejiyar wani masallaci. Ta yi ta girma har ta fara taɓa hanyar hasken. Aka roƙi liman a rage mata kai, ya ce inuwar tsofaffi ce, ba mai sa mata gatari. Hakan ya zo daidai da lokacin da zazzaɓi ya kwantar da Baba wajen wata guda, sai Alhaji ya kira Yaya Sagir. Shi kuma ya sa dogon ƙarfe a sito, ya ɗaga akwatin can sama, hasken ya tsallake bishiyar. Garkuwar da ke bayan akwatin ofis kuma ya cire ta, don iskar farkon damina tana kama ta tana girgiza ƙarfen.

Da Baba ya warke ya je ya gani, a gaban Alhaji ya ce, "Sagir, ina garkuwata?"

"Baba, kwanon nan iska yake kamawa. Duba mita, cike take, ba ta taɓa kai haka ba."

"Ban tambaye ka mita ba."

Alhaji ya yi dariya ya ce, "Malam Isyaku, a bar yara su yi zamaninsu. Dama kwanon nan ya mayar mini da ofis kamar akurkin kaji." Daga ranar aikin Baba a wurin ya koma hawa sau ɗaya a wata ya goge gilashi. Ya dawo gida ya ce wa Inna, "An naɗa ni sarkin shara."

Da kaka ta yi, riɗi ya shigo kasuwa, sai abu ya fara faruwa. Saƙo zai zo daga Kano cewa gobe a tafi kasuwa kaza a saya a kan farashi kaza. Yaran Alhaji su isa da motoci, su tarar wasu sun riga su tun da sassafe sun kwashe mai kyaun. Aka yi haka a Gagarawa, aka yi a wani ƙauye bayan Sule Tankarkar, aka sake yi. Alhaji ya sauya magatakarda, ya hana shiga ofis da waya, abin bai daina ba. Ya kira Yaya Sagir. Ya zo da kwamfutarsa ya duba, ya ce ko ɗigon haske bai ɓace a hanya ba, saboda haka ba daga na'ura ba ne, mutum ne. Ban ce ya yi nufin Baba ba. Amma da aka lissafa masu taɓa akwatunan, bayan Injiniya saura mutum ɗaya, kuma kowa ya san an ɓata masa rai.

Alhaji bai ce ɓarawo ba. Maigadi kawai ya sa ya karɓi makullin tsani daga hannun Baba. Baba ya dawo gida da rana tsaka, ya rataye jakar a ƙusa. Sati uku tana nan a rataye. Mutumin Gagarawa Tasha da ya ce zai kira bai kira ba. Samarin benci suka koma ƙofar wani gida. A makaranta wata ta tambaye ni wai da gaske ne babana yana sayar da sirrin mutane. A sana'ar da ake ba ka makullin saman gini, in aka daina yarda da kai ba sauran abin da za ka yi da sifana.

A bayan littafina na kimiyya na zana abin, yadda Baba yake zana wa Yaya Sagir a ƙasa. Da can akwatunan biyu tsayinsu ɗaya, layin a miƙe. Yanzu na sito yana sama, na ofis yana ƙasa, layin ya sunkuyo. Na ɗora rula na ci gaba da jan layin har ya wuce akwatin ofis. Kwana biyu ina riƙe da littafin ban nuna wa Baba ba. Rana ta uku da na kai masa kunu na tsaya.

"Baba, in na sito yana sama, na ofis yana ƙasa, ragowar ina take sauka?"

Ya ajiye ludayin. Ya daɗe yana kallon zanen. "Cikin gidan mutane," in ji shi.

"Ka taɓa dubawa?"

"Uwani! Ni zan leƙa gidan mutum daga sama?"

Abin ke nan. Shekara da shekaru yana hawa saman ofishin nan, bai taɓa sanin abin da ke tsakar gidan Hajiya Gambo ba. Yaya Sagir ma haka, don wurinsa ya koyi ba da baya. Mutum biyu da suka fi kowa sanin inda haske ke zuwa, su ne biyun da ba za su taɓa juyawa su kalli wurin ba.

Ranar Alhamis, ranar kasuwar Maigatari, na sake hawa bayan babur ɗin Baba bayan shekara biyar. Tsohuwar wayar tana cikin hijabina. Bayan la'asar muka isa, ya tsaya a zaure, na yi sallama na shiga.

Hajiya Gambo tana zaune tana yanka kuɓewa tana shanyawa. Ta kare ido da hannu ta ce, "Wa nake gani kamar 'yar za-a-hau-sama? Ke ce kika zama budurwa haka? Yau ma hawa za a yi?"

Na durƙusa na gaishe ta, na ce a'a, gaisuwa ce. Ta sa aka kawo mini fura. Ina sha ina kallon sama. A kan ƙarfen tankin ruwa, kusa da madafa, akwai wani abu lulluɓe da buhu, an huda buhun ta gaba. Wata baƙar waya ta fito ta ƙarƙashinsa, ta bi bango, ta tsallaka katanga. Komai a wannan kusurwar hayaƙin madafa ya dafar da shi, tankin, buhun, har wayar. Amma gilashin da ke leƙowa ta hudar yana ƙyalli.

"Hajiya, mene ne wancan?"

"Oho musu. Wani yaro ne da ya kama hayar shagon bayanmu ya roƙi Bala ɗana ya ɗora masa. Wai maganin rashin sabis ne, mu ma za mu amfana. Amfanin me? Ni har yau sai na hau turmi nake jin muryar 'yata ta Kano. Amma duk Juma'a sai Bala ya hau ya goge masa ido kamar jariri."

Na ce ko zan iya gwada tawa wayar a wurin. Ta ce, "Hau mana, ga tsani nan, in kin samu ki sammana." Na hau har kafaɗata ta yi daidai da buhun. Rana tana bayana. Na ɗaga wayar na saita ta gabas, ta gefen akwatin ofis, sama da kan darbejiya, inda dogon ƙarfen sito yake kamar tsinke. Na riƙe numfashi yadda Baba yake faɗa. Sai ga shi a tsakiyar tsagaggen gilashin, ɗan ɗigo mai launin zoɓo. Na matsa da wayar taki ɗaya hagu, ya ɓace. Na dawo da ita gaban buhun, ya dawo. Na ɗauki hoto uku.

A zaure Baba ya kalli hotunan, ya sake kallo. Na zaci zai ce a kira Alhaji. Sai ya ce da wani yaro mai wucewa, "Je ofishin can ka ce Isyaku Mai Eriya yana kiran Injiniya." Shi ne karo na farko da na ji kalmar a bakinsa.

Yaya Sagir ya zo da hularsa a hannu. Baba ya nuna masa hoton. Aka nemo Bala, mata suka shiga ɗaki, mazan suka shiga gidan su uku. Da aka yaye buhun, akwati ne irin namu sak, tsohon yayi, ido kawai ke aiki. Yaya Sagir ya tsuguna a gindin tankin ya ce, "Baba, akwai abin da ban faɗa ba. Ranar da na ɗaga na sito, makullin saƙon ya yi ta ba ni wahala, na kashe shi da niyyar in dawo in gyara. Sai na ga ai haske ne, wa zai taɓa shi."

Baba ya ce, "Ni ban san makulli ba, ka sani, kowa ya sani. Amma gidan da ba makulli ai a bar masa katangarsa."

Kafin Bala ya zagaya shagon baya, ɗan hayar ya ji motsi ya sulale cikin 'yan kasuwa. Ba a sake ganinsa ba.

Bayan kwana biyu Alhaji Tasi'u ya zo Gumel da kansa, da goro da makullin tsani. Ina bayan labule. Ya ba Baba haƙuri sosai, ban rage masa ba. Amma da zai tashi ya ce, "Allah dai ya yi wa Injiniya albarka, shi ya zo mini da bayanin komai a rubuce." Na leƙa. Baba ya riga ya ɗauko ƙyallen. Ni kuwa ko a rubucen ba a sa sunana ba, cewa aka yi an samu labari daga cikin gida.

Sabuwar garkuwar su biyu suka ƙera ta a tsakar gidanmu, suna musu tun safe har azahar. Baba yana son kwano ɗaya faffaɗa, Yaya Sagir yana cewa iska. A ƙarshe suka yanka kwanon sala-sala suka jera a karkace, ɗaya yana rufa wa ɗaya, iska ta wuce, haske ya tsaya. Kowannensu yana gaya wa mutane dabararsa ce. Sukundireba mai jan mariƙi da shi aka ɗaure kusoshin, ya kuma koma jaka mai zif. Na ga mariƙin ya bushe, ba mai shafa masa mai.

Amma tun daga ranar Baba ya kafa doka, Yaya Sagir ma bai musa ba: ba a sallama aiki sai an tsaya a bayan kowane akwati an duba inda ragowar take sauka. In fili ne ko gona, su duba da kansu. In gidan mutane ne, to ba maigidan da zai bar ƙarti biyu su riƙa hawa tankin matansa da waya a hannu. Saboda haka ranar Asabar, in ba makaranta, ni ake ɗauka. Tsohuwar wayar yanzu a jakar makarantata take kwana, cikin safa.

Satin da ya wuce muna Sule Tankarkar. Baba yana saman gini ya ba gidajen baya. Yaya Sagir yana zaure da hularsa rawaya da kwamfutarsa a cinya, ba zai iya rubuta an gama ba sai na fito na faɗa. Na shiga, na hau, na duba kusurwa huɗu, ba ɗigo ko ɗaya. Minti biyar ya ishe ni. Sai matar gidan ta ce in zauna ta sauke ɗanwake.

Ina jin sa daga zaure yana aiko yaro. "Wai in ji Injiniya, ko an gama?"

Na ce, "Ka ce masa aikin ba ya son gaggawa."

Na ci ɗanwaken a hankali, har na karɓi ƙari.